Tumbi a Ɗakin Tuƙi: Ƙiba da Gwajin Lafiyar Matuƙan Jirgin Sama

Da safiyar ranar 13 ga Fabrairun 2008 wani ƙaramin jirgin fasinja na kamfanin go! ya tashi daga Honolulu zai je Hilo, duk a cikin tsibiran Hawai na Amurka. Tafiya ce da ba ta cika awa guda ba, da fasinja 40 a ciki. Ana tsakiyar hanya sai masu ba jirage umarni daga ƙasa suka yi ta kiran matuƙan, shiru kake ji, har kusan minti 18. Jirgin ya bi ta kan Hilo ya wuce da kusan kilomita 48, ya doshi sararin teku, na'urar tuƙi mai sarrafa kanta ce kaɗai ke riƙe da shi. Kyaftin da mataimakinsa duka biyun barci ya sace su. Allah Ya kiyaye, suka farka, suka juyo da jirgin suka sauka lafiya.

Da hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta bi diddigi, abu biyu ta ɗora wa alhakin wannan barci. Na farko, matuƙan sun yi kwanaki a jere suna fitowa aiki da sassafe. Na biyu, kyaftin ɗin yana fama da wata cuta da shi kansa bai san da ita ba sai bayan abin ya faru, wato ɗaukewar numfashi a cikin barci, kuma nasa ya yi tsanani. Mutumin yana riƙe da takardar shaidar lafiya mai aiki, likitan da hukuma ta yarda da shi ne ya sa mata hannu. Daga wannan rana tambayar ta ƙi barin hukumomin jiragen sama su huta: ta yaya likita zai gano cutar da ba ta fitowa sai mai ita ya yi barci? Amsar da ta fi saurin zuwa ita ce a dubi jikin mutum, domin wannan cuta ta fi kama masu ƙiba. A nan ne sikeli ya shigo maganar.

Kafin a kai ga rigimar da ta biyo baya, ya kamata a san yadda gwajin yake. Lasisin matuƙi ba ya aiki shi kaɗai, sai an haɗa shi da takardar lafiya wadda ke da wa'adi. Ƙa'idojin sun samo tushe ne daga hukumar jiragen farar hula ta duniya, ICAO, mai hedikwata a Montreal ta Kanada, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Chicago ta 1944. Kowace ƙasa tana ɗaukar waɗannan ƙa'idoji ta yi musu nata gyare-gyare ta hannun hukumarta ta jiragen sama: FAA a Amurka, EASA a Tarayyar Turai, CAA a Ingila, NCAA a Najeriya. Mai tuƙa jirgin fasinja aji na ɗaya ake nema a wurinsa, wanda ya fi kowanne tsauri. A Amurka, in bai kai shekara 40 ba sau ɗaya yake zuwa a shekara, in ya kai kuwa duk wata shida. Ana duba ido da kunne, a auna bugun jini, a gwada fitsari ko akwai suga ko furotin a ciki, a ɗauki zanen bugun zuciya tun yana shekara 35 sannan duk shekara bayan ya cika 40. Yana cika 65 kuma ya gama da tuƙa jirgin kamfanonin fasinja, komai ƙarfinsa.

A duk wannan jeri babu inda aka rubuta cewa wanda ya wuce kilo kaza ya faɗi. Wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da wasu ɗaliban tuƙi. FAA ba ta da iyakar nauyi. A Turai da Ingila akwai lamba, amma lambar ƙarin bincike ce: wanda ma'aunin ƙibarsa ya kai 35 za a duba haɗarin ciwon zuciyarsa, a duba ko yana ɗauke numfashi a barci, a kuma tabbatar jikinsa ba zai hana shi aikin ba. In komai ya fito daidai, takardarsa ta fito.

Ma'aunin da ake magana a kansa, BMI, lissafi ne mai sauƙi. A ɗauki nauyin mutum da kilo, a raba shi da tsawonsa na mita wanda aka ninka da kansa. Mutum mai tsawon mita 1.75, in ya kai kilo 92 ma'auninsa ya kai 30, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa an shiga ƙiba ta cuta. Kilo 107 zai kai shi 35, kilo 123 kuma 40. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya fito da dabarar a ƙarni na 19 don nazarin jama'a a dunƙule, sai Ancel Keys ya raɗa mata sunan da ake kiranta da shi a 1972. Ba ta bambanta tsoka da kitse, ba ta kuma faɗin inda kitsen ya taru. Ɗan dambe mai murɗaɗɗen jiki da mai tumbin da ko matakala ba ya iya hawa sai da haki suna iya fitowa da lamba ɗaya. Likitoci sun san da wannan, shi ya sa suke haɗawa da awon ƙugu da kaurin wuya.

To me ya sa hukuma ta damu da ƙiba in ba za ta kori mutum saboda ita ba? Saboda abokan tafiyarta. Likitan jiragen sama tambaya ɗaya yake neman amsarta: mene ne yiwuwar wannan mutum ya yanke jiki, ko hankalinsa ya gushe, yana kan kujerar tuƙi kafin wa'adin takardarsa ya cika? Akwai ma lissafin da aka gina a kai, wanda likitocin zuciya na Ingila suka daidaita a shekarun 1980, ana kiransa ƙa'idar kashi ɗaya cikin ɗari. Shekara tana da awa 8,760, a ce dubu goma don sauƙi. Mutumin da yiwuwar ya faɗi farat ɗaya a shekara ta kai kashi 1 cikin 100, a kowace awa yiwuwar ta zama ɗaya cikin miliyan. Lokacin da ya fi haɗari a tafiya, tashi da sauka, an ƙiyasta shi kashi ɗaya cikin goma na tafiyar. Ko a wannan lokaci ma an ɗauka cewa matuƙi na biyu zai karɓi jirgin lafiya sau 99 cikin 100. In aka haɗa duka, haɗarin ya koma ɗaya cikin awa biliyan guda, wanda shi ne abin da aka amince za a iya ɗauka. Duk wanda lafiyarsa ta tura shi sama da wannan kashi ɗaya, an fara maganar sauke shi.

Lissafin ba a takarda kawai ya tsaya ba. A Oktoban 2015 kyaftin ɗin wani jirgin American Airlines da ya taso daga Phoenix zuwa Boston ya rasu a sama, mataimakinsa ya sauke jirgin a Syracuse. A Oktoban 2024 haka ta faru da kyaftin ɗin Turkish Airlines da ya taso daga Seattle zuwa Istanbul, aka sauka a New York. Ban kawo su don in ce ƙiba ce ta kashe su ba, ajali ne ya zo. Na kawo su ne don a ga cewa zuciya tana tsayawa a ɗakin tuƙi kamar yadda take tsayawa a kasuwa, kuma aikin likita shi ne ya rage yawan faruwar hakan gwargwadon iko.

Abokin tafiyar ƙiba na farko shi ne hawan jini. FAA ba ta ba da takarda in awo ya wuce 155 bisa 95, Turai kuma 160 bisa 95. Waɗannan lambobi ma sun fi abin da likitan asibiti zai yarda da shi sassauci. Wanda ya wuce ba a rufe masa ƙofa ba, ana sake aunawa a wasu ranaku, domin akwai mutanen da ganin likita kaɗai ke sa jininsu ya hau, balle likitan da abincinsu ke hannunsa. Akwai kuma wani ƙaramin abu da ke cutar masu jiki: in aka ɗaura wa mai kaurin damtse ƙaramin maɗaurin awo, lambar takan fito sama da gaskiya. Haƙƙinsa ne ya nemi a kawo babba. In kuwa hawan jinin na gaske ne, magani ya halatta, har kala uku likitan gwajin zai iya amincewa da su a FAA ba tare da ya tura fayil sama ba, muddin mutum ya yi 'yan kwanaki a ƙasa bayan fara sabon magani don a ga yadda jikinsa ya karɓa. Amma ba kowane magani ba. Methyldopa, wanda aka daɗe ana bayarwa a asibitocinmu da sunan Aldomet, yana cikin waɗanda FAA ba ta yarda da su ba saboda yana sa kasala da gyangyaɗi. Matuƙin da ya je wurin likitan unguwa bai faɗa masa sana'arsa ba yana iya dawowa da maganin da zai sauke masa jini ya kuma sauke shi daga jirgi.

Na biyu ciwon suga. A da, ranar da aka ce matuƙi sai ya koma allurar insulin, ranar aikinsa ya ƙare, saboda tsoron kada sugansa ya faɗi ƙasa yana tsakiyar sauka. Kanada ce ta fara sassautawa a 2002, Ingila ta bi a 2012, Amurka kuma sai a ƙarshen 2019, bayan da aka samu 'yar na'urar da ake mannawa a fata tana auna suga dare da rana. Duk da haka hanyar doguwa ce, cike da takardu da sa ido. Wanda aka kama nasa da wuri, tun yana matakin da abinci da motsa jiki da ƙwayar metformin za su riƙe shi, wahalarsa ba ta kai rabin wannan ba.

Na uku, ɗaukewar numfashi a barci, shi ne wanda ya fi ɓuya, kuma shi ya haddasa rigima. Idan mutum ya yi barci, tsokokin maƙogwaronsa suna saki. Mai kitse a wuya da gindin harshe, hanyar iskarsa ta riga ta tsuke, da ta saki sai ta rufe. Zai yi ta munshari, can sai ka ji ɗif, daƙiƙa goma, ashirin, wani lokaci fiye. Iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi, ya ja numfashi da ƙarfi ya koma. Shi bai san ya farka ba. Likitoci suna ƙirga sau nawa hakan ke faruwa a awa guda: daga 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, zuwa 30 matsakaici, sama da 30 mai tsanani. Ka ɗauki mutumin da ake tayarwa sau 40 a kowace awa, dare bayan dare, shekara da shekaru. Zai rantse maka ya yi barcin awa takwas, kuma bai yi ƙarya ba. Matarsa ce ta san gaskiya, ita da ke kwana tana zungurarsa don ta ji ya numfasa. Da rana sai ciwon kai, mantuwa, saurin fushi, da gyangyaɗin da ke zuwa ba sallama. Wani bincike da aka yi a Ostireliya aka wallafa a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa da saurin hannunsa sun yi daidai da na mai giya kashi 0.05 cikin 100 a jini, alhali iyakar da FAA ta sa wa matuƙi 0.04 ce. Cutar kuma ba a barci ta tsaya ba, tana hura wutar hawan jini da rikicewar bugun zuciya da shanyewar jiki. Ɗakin tuƙi kuwa, in jirgi ya daidaita a sama, wuri ne da ke kiran barci: ƙarar inji iri ɗaya, zama wuri guda, da iskar da matsinta ya yi daidai da na kan dutse mai tsawon ƙafa 6,000 zuwa 8,000.

A Nuwamban 2013 babban likitan FAA, Fred Tilton, ya sanar da cewa duk matuƙin da ma'auninsa ya kai 40 ba zai samu takarda ba sai ƙwararren likitan barci ya gwada shi, in an samu cutar kuma sai an yi maganinta. Ya ƙara da cewa daga baya za a riƙa sauko da lambar ƙasa. Hujjarsa ita ce kusan duk wanda ya kai 40 kuma wuyansa ya kai inci 17 yana da cutar. Nan take ƙungiyoyin matuƙa, musamman AOPA ta masu ƙananan jirage da EAA ta masu haɗa jirage da kansu, suka yi ca a kansa. Suka ce gwajin barci yana da tsada, layinsa dogo ne, mutum zai zauna a gida watanni babu albashi kan zato kawai. Suka ce babu jerin haɗurran da za a nuna a ce wannan cuta ce ta jawo su a jiragen sama. Suka kuma ce hukuma tana so ta kafa doka ta bayan gida ba tare da ta saurari jama'a ba. Ana cikin haka, ranar 1 ga Disamban 2013, jirgin ƙasa na Metro-North ya kauce daga layi a Bronx ta New York, mutum 4 suka mutu. Ya shiga kwanar da aka iyakance wa mil 30 a awa da gudun mil 82, daga baya aka gano direban yana da wannan cuta mai tsanani ba a sani ba. Duk da haka, a Fabrairun 2014 Majalisar Wakilan Amurka ta zartar da ƙudurin tilasta wa FAA bin doguwar hanyar kafa doka, da gagarumin rinjaye. FAA ta ja da baya.

Abin da ya fito ranar 2 ga Maris 2015 ya sha bamban da na farko. Likitan gwaji zai duba kowa da kowa, mai ƙiba da siriri, ya haɗa ma'aunin jiki da sauran alamu: munshari, hawan jini, suga, kaurin wuya, yanayin maƙogwaro. In ya ga haɗarin ya yi yawa, zai ba mutum takardarsa ya ci gaba da aiki, amma yana da kwana 90 ya kawo sakamakon bincike, kuma ba dole sai wurin ƙwararren likitan barci zai fara ba. In an tabbatar da cutar, zai koma tashi da takarda ta musamman muddin yana magani. Maganin da aka fi sani shi ne na'urar CPAP, wadda Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Sydney ya bayyana a 1981: abin rufe hanci ne da ke tura iska a hankali don hanyar numfashi ta zauna a buɗe. Na'urar tana rubuta awowin da aka yi amfani da ita, FAA kuma tana son ta ga an sa ta a kashi 75 cikin 100 na lokutan barci, aƙalla awa 6 a kan matsakaici.

A ganina Tilton ya yi gaskiya a kan cutar, ya yi kuskure a kan hanya. Har shi da kansa ya ambata cewa kusan kashi 30 cikin 100 na waɗanda ma'auninsu bai kai 30 ba suna iya samun cutar, ka ga ke nan lamba ɗaya za ta kama wasu ta saki wasu. Amma babban kuskuren yana wani wuri. Dokar da ta ce "in mun yi zarginka za mu zaunar da kai" tana koya wa mutane ɓoyo ne. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, to amma wannan wanka ne da mai wankan ke iya hana ka abincin iyalinka. Matuƙi ya kashe shekaru da dukiya mai yawa kafin ya hau wannan kujera, wani bashi ya ci, wani gonar gado aka sayar. Mafi yawan abin da likitan gwaji ya sani game da shi daga bakinsa ya fito, a fom ɗin da ya cike. Wani bincike da William Hoffman da abokan aikinsa suka wallafa a 2022, bayan sun tambayi matuƙa sama da 3,700 a Amurka, ya samu kashi 56 cikin 100 sun amsa cewa sun taɓa ƙin zuwa asibiti, ko sun ɓoye wani abu, ko sun nemi magani ta bayan fage, don tsoron rasa takarda. Wannan fa a ƙasar da yin ƙarya a fom ɗin laifi ne da ke iya kai mutum ɗaurin shekara 5. A 2023 kuma ta bayyana cewa ana binciken matuƙa kusan 4,800, tsofaffin sojoji, waɗanda ke karɓar kuɗin naƙasa a wani ofishin gwamnati kan cututtukan da ba su faɗa wa FAA ba. Tsoron kurkuku bai kai tsoron rasa sana'a ba.

Ni dai in zan hau jirgi, na fi son kyaftin mai kilo 120 da ya kwana da CPAP a fuskarsa, yana shan maganin hawan jininsa, likita na riƙe da fayil ɗinsa, a kan mai kilo 95 da ya shekara biyar yana kauce wa asibiti. Na farkon an san haɗarinsa an ɗaure shi. Na biyun takardarsa fes take, amma babu wanda ya san abin da ke cikin ƙirjinsa, har shi.

Wannan tsoro ne kuma ke haifar da dabarun mako biyu kafin gwaji. Mutum ya daina cin abinci, ya rage shan ruwa, ya shiga ɗakin gumi, wani ya haɗiyi ƙwayar sa fitsari ko ta kashe yunwa, wani ya koma shayin rage tumbi da babu wanda ya san abin da aka zuba a ciki. Ruwa ne ke fita, kitsen yana nan. Ƙwayoyin sa fitsari suna rikita gishirin jini, wanda kan iya bayyana a zanen bugun zuciya ya jawo binciken da ba a nema ba. Ƙwayoyin kashe yunwa irin su phentermine dangin masu ƙara kuzari ne, suna ɗaga bugun zuciya da jini, FAA ba ta yarda da su ba. Abin da ya fi damuna shi ne mutumin yana ci gaba da tuƙa jirgi a cikin waɗannan makonni, da yunwa da ƙishi da jiri, ɗauke da mutane. Gwajin da aka kafa don kare fasinja ya zama dalilin sa su a haɗari.

Alhali ragin da ke amfani ba shi da yawa kamar yadda ake zato. Wani dogon bincike a jihar Wisconsin da aka wallafa a 2000 ya nuna cewa rage kashi 10 cikin 100 na nauyi yana rage yawan ɗaukewar numfashi da kusan kashi 26, ƙara kashi 10 kuma yana ƙara shi da kusan kashi 32. Ga mai kilo 110, maganar kilo 11 ake yi, a cikin watanni, ba sai ya koma jikin samartaka ba. Yanzu kuma ga sababbin allurai, semaglutide da tirzepatide, waɗanda FAA ta amince matuƙa su yi amfani da su in likita ne ya rubuta, bayan ɗan zama a ƙasa don a ga ko za su kawo amai ko jiri. A Disamban 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da tirzepatide a matsayin maganin ɗaukewar numfashi ga masu ƙiba. Suna da tsada, kuma nauyin yakan dawo in an daina. Tiyatar rage ciki ma hanya ce, sai dai mutum zai daɗe a ƙasa kafin a mayar masa da takarda.

Akwai inda nauyin kansa ke magana ba tare da wata cuta ba, kuma ɗalibai ya fi shafa. Cessna 152, ɗaya daga cikin jiragen koyo da aka fi sani a duniya, ba ya tashi da abin da ya wuce kilo 757 duka-duka. In aka cire nauyin jirgin da mai, abin da ya rage wa malami da ɗalibi bai kai kilo 200 ba. Jirgi mai saukar ungulu Robinson R22 kowace kujerarsa kilo 109 ce iyakarta. A manyan jirage kuma dole sitiyari ya jawo baya har ƙarshe ba tare da ya tokari ciki ba, ƙafa ta taka abin juya wutsiya sosai, bel ya ɗauru, mutum kuma ya iya fita ta tagar ɗakin tuƙi ya sauka da igiya in gobara ta tare ƙofa, kamar yadda aka tanada a Boeing 737. Abin da gwajin da Ingila ke yi wa masu ma'aunin 35 a cikin jirgi ko na'urar kwaikwayonsa ke dubawa ke nan. Wannan ba wulaƙanci ba ne, kuma ya sha bamban da abin da Air India ya yi a 2015, lokacin da ya shirya sauke ma'aikatan cikin jirgi sama da ɗari bisa lambar ma'auni kawai.

Ba daidai ba ne a jibga wa matuƙi laifin duka. A tuna rahoton jirgin Hilo abu biyu ya ambata, ɗayan jadawalin aiki ne. Sana'ar tuƙi kamar an tsara ta ne don ta ƙibantar da mutum: zama awa goma a kujera, tashi ƙarfe uku na dare yau, gobe a kwana a sama, abincin tire mai gishiri da maiƙo, otal a garin da agogonsa ya saɓa da na jiki. Ƙarancin barci yana rikita sinadaran da ke faɗa wa mutum ya ƙoshi, sai ya ƙara ci, ƙibar ta ƙara ɓata barcin, abin ya yi ta zagaye. Amurka ba ta gyara dokokin hutun matuƙa ba sai bayan haɗarin jirgin kamfanin Colgan Air kusa da Buffalo a Fabrairun 2009, inda mutum 50 suka mutu, sabuwar dokar da ta wajabta hutun awa 10 kafin aiki ta fara a Janairun 2014. Kamfanin da ke matse jadawali sannan ya bar matuƙi shi kaɗai da likita ya ci riba ya bar masa asara. Kamfanin da ya tanadi inshorar rasa lasisi, ya biya kuɗin gwajin barci, ya ci gaba da ba mutum albashi a watannin da yake ƙasa, shi ne ya sa faɗin gaskiya ya yi araha.

Mu a nan maganar tana da wani nauyi na daban. Mun taso muna ganin tumbi alamar hutu ce, wanda ya rame kuma a tambaye shi ko lafiya. Munshari abin tsokana ne a gida, ba a ɗauke shi dalilin ganin likita ba. Yaron da ya gama kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda ke nan tun 1964, ko ya dawo daga Afirka ta Kudu ko Amurka da lasisinsa, yana siriri yake fara aiki. Shekara goma sha biyar bayan haka ne, ya zama kyaftin, gida ya cika, dangi sun dogara da shi, lambobin ke fara hawa, daidai lokacin da ya fi kowa tsoron a ce masa zauna. Hawan jini kuwa ya yi yawa a cikinmu ko babu ƙiba. In ya yi ƙarfin hali ya nemi gwajin barci, wuraren yinsa kaɗan ne kuma a manyan birane suke. In an ba shi CPAP, tana bukatar wuta daga kwanciya har asuba, a gida da kowane otal da zai sauka. Wanda ke riƙe da takardar FAA, na'urar za ta rubuta duk daren da wuta ta ɗauke a matsayin daren da bai yi magani ba, kuma wannan rahoto ne zai kai wa likita a ƙarshen shekara. Don haka batir ko sola na cikin kuɗin maganin tun ranar farko, kuma kamfanin da ke tura shi kwana a wani gari ya kamata ya san ko ɗakin da ya kama masa yana da wutar da za ta kai safe.